Abin da ke cikin ledar maganin mai dashen ƙoda

Ni ma'aikaciyar jinya ce a Gombe, cikin aikina har da bibiyar waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, wasu a Kano, inda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara dashen tun 2002, wasu a Indiya. Sukan dawo da leda cike da magani da takardun Turanci. Nawa shi ne in fahimtar da su cewa tacrolimus da mycophenolate da prednisolone, magungunan da ke rage ƙarfin garkuwar jiki, ba na ɗan lokaci ba ne. Aka yi sakaci da su, garkuwar jiki za ta far wa sabuwar ƙodar.

Na fara da saƙon murya na Hausa ta WhatsApp, don mutumin Bajoga ko Kaltungo ba zai iya kuɗin mota kowane mako ba. Kuma ya yi rana. Mun saita ƙararrawar waya takwas na safe da takwas na dare, tunda awa 12 ake so tsakanin shan tacrolimus. Suna turo hoton sakamakon gwaji in kai wa likita. Wanda zawo ya kama ya san ya kira nan take, domin zawo kan ɗaga yawan maganin a jini.

Sai dai a waya kowa lafiya lau yake. "Alhamdulillah, ina sha."

Ranar asibiti nakan ce a zazzage min ledar a kan tebur. A nan na ga diclofenac da aka sayo a kyamis don ciwon gwiwa, alhali yana cutar da ƙoda. A nan wata matar aure ta ambaci jiƙon da maƙwabci ya kawo wa mijinta. Wani dattijo kuwa, na ƙirga ƙwayoyinsa na tarar da rabi a katin da ya kamata ya ƙare. Na ce, "Baba, lissafin bai fita ba." Ya daɗe yana murza hularsa kafin ya ce, "'Yata, kuɗin ne." Sau ɗaya yake sha a rana don ya kai ƙarshen wata. Magidanci ba ya faɗin wannan a saƙon murya, sai an zauna an rufe ƙofa. Ranar muka kira babban ɗansa.

Haka batun azumi. A shekarar farko likitoci kan hana, kuma wannan magana sai ido da ido, da lallashi, iyali na zaune.

Yanzu zaman farko dole a gabana, tare da mai ba shi maganin a gida. Sai ya maimaita min da bakinsa cewa ranar gwajin tacrolimus, ana ɗibar jini kafin a sha na safe. Bayan nan waya ta ɗauka, amma duk ranar dawowa, da ledar ake zuwa.