Talata, da kafaɗuna a kusa da kunne

Da safe lafiya lau na fita. Kunun tsamiya ya yi daɗi, Amira ba ta yi rigimar safa ba, na samu napep a Ƙofar Doka ba jira, ko a Tudun Wada ba mu tarar da cunkoso ba. Kafin bakwai da rabi ina Sabon Gari.

Abin da ya hana ni barci ƙarfe huɗu saura kwata ya faru, amma tushensa tun ranar Asabar ne. Ina gaban Maman Sadik tana mini kitso, sai ta dungure mini kai ta ce, "Wai dambe za ki yi? Saki wuyanki mana, kin sandare kamar taɓarya." Na ce ai a sake nake. Ta ɗora hannuwanta a kafaɗuna ta danna, sai ga su sun sauka. Wallahi ban san a ɗage suke ba. Ummi na gefe tana dariya. Ita kuwa tun da ta fara zuwa asibitin Shika karatun jinya ko tari mutum ya yi sai ya sha bayani. Wai akwai wasu 'yan ƙululai a saman ƙoda masu sakin adirenalin da kotisol idan mutum ya firgita: zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya gajarta, tsoka ta ɗaure, don a gudu ko a yi faɗa. Kuma wai jiki bai san bambancin kare ya biyo ka da kiran oga ba. Ta ɗauko abin awonta ta ɗaura mini, ya nuna 138 bisa 88. Ta ce ban kai 140 bisa 90 da ake kira hawan jini ba, amma ina bakin ƙofa ina sallama.

To tun ranar nake sa wa kaina ido, kuma abin da nake gani ba ya mini daɗi. Yau da alwalar da na fito da ita daga gida na yi Azahar. Da can har alfahari nake da hakan. Yau ne na tsaya na yi lissafi, ashe ko kurɓin ruwa ban yi ba tun safe, kujerar ma in ba don salla ba ban tashi daga kanta ba. Robar ruwan tana nan gefen kwamfuta a cike, ta yi zafi.

Ina haɗa jaka ke nan na ji takun Hajiya, shugabata a wurin aiki. Tun kafin ta shigo na ji haƙorana sun haɗu, 'yan yatsun ƙafata sun naɗe cikin takalmi. Ta ajiye fayil ɗin kuɗin makaranta a gabana.

"'Yar nan, ki tafi da wannan gida, ki fitar mini da sunayen duk waɗanda ake bi bashi. Ki turo mini ta WhatsApp ko da sha ɗayan dare ne."

"To" ɗin har ya zo bakina, shekara huɗu shi kaɗai ya san hanya. Amma na ji wani abu ya tokare mini ƙirji, irin na mai hawan bene da tulu. Na ja numfashi ta hanci har ciki ya taso, yadda Ummi ta nuna mini, na sake shi a hankali.

"Ranki ya daɗe, a yi mini haƙuri, yau ba zan iya ba. Gobe in Allah ya kai mu, kafin ƙarfe goma yana kan teburinki."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Ba ki da lafiya ne?"

Nan ne wurin da nake ta juyawa a raina. Ƙofa ce ta buɗe mini. Da na ce kaina ke ciwo, ko Amira na zazzaɓi, shi ke nan, har sannu za ta yi mini. Mu ai haka muka saba, ba a cewa a'a tsirara, sai an yafa mata mayafi. Sai na ji bakina ya ce, "Lafiyata ƙalau, Hajiya. Dare ne dai nake so ya zama na gida."

Ta yi shiru. Fanka kaɗai ke magana. Can ta ce, "Ni fa a matsayin 'ya na ɗauke ki." Ta ɗauki fayil ɗin, ta sake ajiye shi, ta ce "Allah ya kai mu," ta fita.

Wannan "'ya" ɗin ce ta biyo ni har gida. Don ba ƙarya ta yi ba. Lokacin haihuwar Amira har turmin atamfa ta aiko, da rasuwar Baba kuwa kwana uku tana zuwa zaman makoki. Amma kuma da kalmar nan na yi aikin Asabar ba adadi, da ita na amsa waya ina tsakar tuƙa tuwo. 'Ya ba ta da lokacin tashi daga aiki. An rene mu da kara da kawaici, kuma ban raina su ba, sai dai ban taɓa tambayar ina gajiyar take taruwa ba sai da mai kitso ta nuna mini wurin da hannunta.

A napep na dawowa hannuna na ta rawa har unguwar PZ. Daga baya kuma yunwa ta taso mini, irin wadda na daɗe ban ji ba. Na sayi gasasshiyar masara biyu, na cinye ɗaya a hanya, ba kunya.

Baban Amira ya ce na yi daidai, ya kawo mini dokar ƙwadago, cewa wanda ya yi aikin awa shida yana da hutun awa ɗaya, har da labarin Faransa da tun 2017 aka ba ma'aikata haƙƙin ƙin kula saƙon aiki bayan an tashi. Na ce masa Hajiya ba Bafaranshiya ba ce. Inna kuwa da na faɗa mata a waya cewa ta yi, "Ke dai ki bi a hankali, aiki wuya gare shi yanzu." Ban ji daɗi ba, don ita ma tana da gaskiya.

Wuta ta ɗauke tun Magariba. Miyar kuka ta yi gishiri.

Ƙarfe tara saƙo ya shigo, na ga sunanta a saman waya, ban buɗe ba. Na kai wayar kicin na kifa mata kwano, na dawo na kwanta. Sau biyu ina tashi kamar zan sha ruwa. Yanzu a kwamfutar Baban Amira nake rubutun nan, sha ɗaya ta wuce, kuma na taɓa kafaɗuna na ji sun sake hawa. Na sauke su. Saƙon yana can ƙarƙashin kwano, ban san ko faɗa ne ko "sai da safe" ba.