A Fara da Lissafin Ruwa Kafin a Sayo Dashe

A aikin dasa itatuwa cikin unguwa, ranar dashe ce mafi sauƙi: jama'a sun fito, an haƙa ramuka, an ɗauki hoto. Asarar sai ranin farko take zuwa, lokacin da kwamiti ya watse, kowa na zaton maƙwabcinsa ne ke ba da ruwa.

Shi ya sa masu aikin suka koyi fara lissafi daga ruwa. Ƙaramin itace a wuri mai zafi yana son kamar lita 20 sau biyu a mako da zarar ruwan sama ya ɗauke, har rani biyu. Itatuwa 100 ke nan za su sha lita 4,000 a mako, wato jarka 160 mai cin lita 25. Wa zai ɗebo, kuma daga ina? In abin da unguwa za ta iya bai wuce jarka 50 ba, itatuwa 30 ya kamata ta dasa, ko da dashen kyauta aka ba ta. A riƙa zuba ruwan da yawa lokaci guda ya nutse. Yayyafin kullum saman ƙasa kawai yake jiƙawa, sai saiwa ta tsaya sama, iska ta tuge itacen daga baya.

Kowane itace kuma a rubuta sunan gidan da zai kula da shi, kuma mai gidan ya amince da bakinsa kafin a haƙa rami a ƙofarsa. Ƙungiyar dasa itatuwa ta Green Belt Movement da Wangari Maathai ta kafa a Kenya a 1977 tana biyan mata ɗan ladansu ne a kan dashen da ya rayu. Wannan ma'aunin ya fi ƙirga abin da aka sa a ƙasa nesa ba kusa ba.

Wajen dashen kansa, kuskuren da ya fi yawa shi ne zurfafa rami. Faɗi ake so, ninki biyu ko uku na ƙasar da ke cikin leda, amma zurfin daidai da ita. In aka binne wuyan itacen, wato inda gindi ya haɗu da saiwa, ɓawon wurin zai ruɓe, itacen ya yi ta ƙanƙancewa ba a san dalili ba. A yaga ledar a cire ta gaba ɗaya. Saiwar da ta nannaɗe a gindin leda a warware ta ko a datse, in ba haka ba za ta ci gaba da zagaye kanta. A yi wa itacen ɗan kwarmi mai riƙe ruwa, a rufe da busasshiyar ciyawa kaurin santimita 5 zuwa 8, kada ta taɓa gindi. Ɗanyen kashin dabba a cikin rami yana ƙona saiwa, sai wanda ya ruɓe sosai. Lokacin dashe shi ne bayan damina ta kankama, ba ƙarshenta ba, duk da cewa taron bikin dashe yakan zo a makare.

Sai wurin dashe. Itacen da zai yi girma a ba shi aƙalla mita 5 daga katanga, ramin masai da bututun ruwa, kada kuma a sa shi ƙarƙashin wayar lantarki, don ƙarshensa sara ne. Dangin ɓaure saiwarsu na ɗaga daɓe da kwalbati. Kada a cika titi da iri ɗaya, cuta guda sai ta share shi. Filin da ba na kowa ba ne a ido yana da mai shi a takarda, saboda haka a nemi izinin hukuma a rubuce. In tsohuwar bola ce ko wurin gyaran batir, itacen inuwa ya dace da ita. Kayan lambu kuwa sai an kawo sabuwar ƙasa an yi fangali mai tudu, saboda gubar dalma da kan kasance a ƙasar irin waɗannan wurare.

Shinge ya kai mita ɗaya da rabi, a kafe shi sosai, domin dabba na iya cinye aikin wata shida cikin minti biyar. Igiyar da aka ɗaure itace da turke a kwance ta cikin shekara, kafin ta shige cikin ɓawo.

A ƙarshen kowane rani a zagaya da littafin sunaye, a rubuta wanda ya mutu da abin da ya kashe shi: ƙishirwa, gara, dabba ko sara. Gurbin da ƙishirwa ta kashe ba a sake dasa shi sai an samo wanda zai ba da ruwa.