Sabulun da Ya Ƙone Wuyan Goggo

Kwanakin baya wata ƙawata ta zo gidana a unguwar Ɗorayi, Kano, ta leƙa ɗakin da nake shanya sabulu, ta gan su jere a kan katako kamar alkakin biki. Sai ta ce, "Ke kam kin huta. Ki zuba mai, ki zuba soda, ki kwashi kuɗi." Na yi dariya na kawo mata ruwa. Ban ba ta labarin wuyan Goggo ba, amma ku zan ba ku.

A 2019 na fara, bayan wani horo na kwana uku da aka yi wa matan unguwarmu. Da kofi aka koya mana awo: kofi kaza na mai, kofi kaza na ruwan soda, a juya har ya yi kauri kamar kunun gyaɗa, a zuba a mazubi. Haka na yi shekara huɗu ba matsala, don kullum mai iri ɗaya nake saye a Sabon Gari, man kwakwa da ɗan man ja. Na ɗauka na iya sabulu. Ashe kofi na iya.

Da aka cire tallafin man fetur a 2023, duk abin da mota ke kawowa daga kudu ya yi tashin gwauron zabo, har da man kwakwa. A daidai lokacin ne aka ba ni aikin sabulu 150 na rabon biki, kuma ina da bokiti guda na man kaɗanya da ƙanwar maigida ta aiko mini daga Bida. Na ce ai mai mai ne, kaɗanya ma ta fi kyau ga fata. Na cire kwakwa na sa kaɗanya, sodar kuwa na bar ta yadda take.

Sabulu ya fito fari tas, da ƙarfi kamar dutse. Murna ta kama ni, na ɗauki guda biyu na kai wa Goggo, ƙanwar mahaifina, wadda ko ruwan zafi ka dafa mata sai ta yaba. Kwana biyu ta kira ni. "Ke 'yar nan, barkono kika daka a ciki?" Na je na tarar wuyanta ya yi ja, fatar tana ɓarewa. Ba ta yi mini faɗa ba, kuma wannan ya fi faɗan ciwo.

Daga baya na fahimci abin da ya faru. Kowane mai da iyakar sodar da yake ci. Kilo ɗaya na man kwakwa yana cinye fiye da giram 180, man ja wajen 140, man kaɗanya kuwa bai kai 130 ba. Wato a kowane kilo na bar kusan giram 50 na soda tana zaune a cikin sabulun, ba man da zai haɗiye ta, sai fatar mutum. Guda 150 ɗin nan a magogin kuɓewa na goge su, muka yi watanni muna wankin tsumma da su. Uwar amarya na mayar mata da kuɗinta, na sha magana. A satin na sayi ƙaramin sikeli mai batir, kofin kuwa ya koma ɗebo gero. Yanzu da gangan nake rage sodar da kamar kashi 5 cikin 100, don a samu ɗan man da zai saura ya tausasa jiki.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne na san maganin wannan tun ina yarinya. Iya, kakata, sabulun salo take yi da ruwan toka da man kaɗanya, a tukunyar ƙasa. Ba ta da sikeli, amma in ya nuna sai ta ɗan gutsura ta taɓa a kan harshe. In ya tsikare ta, ta ƙara mai ta mayar kan wuta. Mu jikoki muna mata tsiya, wai Iya tana cin sabulu. Yau ga ni nan, ba sabulun da ke fita gidana ban taɓa shi da harshe ba. Allah ya jiƙan Iya.

Mai sha'awar farawa, ga abin da ba na wasa da shi: soda ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan soda, don zafin da take tayarwa yana iya fantsamo miki a fuska. Tukunyar alminiyom soda cinye ta take yi, sai roba mai kauri. Yara kuma a rufe musu ƙofa.

Sai jira, wanda shi ne ainihin wahalar sana'ar. Kwana ɗaya ko biyu sabulu ya daskare a yanka shi, amma sai ya yi sati huɗu zuwa shida a inuwa yana shan iska kafin ruwan jikinsa ya fita. In ka yi gaggawa, wanka uku ya narke, mai saye ta ce ka cuce ta. Duk tsawon lokacin nan jarinka yana kan katako yana kallonka, kana kallonsa, kuɗin makaranta kuma ba ruwansu da sati shida. Da hunturu abin da sauƙi, iska ta busar da shi da wuri. Da damina kuwa sabulu gumi yake yi, ɗigo-ɗigo a jikinsa, saboda gilisarin da ke cikinsa yana jawo laima. Sau nawa aka dawo mini da shi wai ya lalace, alhali abin da ke sa shi gumin shi ne abin da ke hana fata bushewa.

Wurin da nake jin daɗin aikin shi ne launi, kodayake nan ma na sha kaye. Na taɓa dafa zoɓo mai kauri ina mafarkin jan sabulu. Soda na taɓa shi ya koma kalar ruwan kwata. Kurkum ya fi biyayya, yana ba da ruwan ɗorawa mai kyau, sai dai haske yana kashe shi a hankali. Shuɗi kuwa a marinar Ƙofar Mata na samo shi, ranar da na raka yayata kai rini. Ina tsaye ina kallon wani dattijo yana tsoma zane yana ɗagawa, zanen ya fito kore-kore, iska ta taɓa shi ya rikiɗe shuɗi. Na tambaye shi me ke cikin ramin, ya ce baba ce da toka. Nan take ƙwaƙwalwata ta buga: abin da ya saba zama cikin ruwan toka, ai soda ba za ta razana shi ba. Na ce, "Baba, a sayar mini kaɗan." Ya dube ni ya ce, "Hajiya, sabulu kuma za a rina?" Rabin ƙaramin cokali ya ishi kilo guda, in ka zarce kumfar ma shuɗiya za ta fito. Tambarin dagi da nake bugawa a kai kuma wani mai sassaƙar ƙwarya ne ya yanka mini a guntun katako.

Akwai tambayar da ba a kwana biyu ba a yi mini ita a WhatsApp ba: "Anti, yana sa haske?" Amsata ɗaya ce, yana wanke datti, ba ya canza halitta. Da yawa daga nan ba na ƙara jin ɗuriyarsu. Wata Hajiya har gida ta zo da kwalba a jaka, wai in haɗa mata a ciki za ta ninka kuɗin. Na ba ta haƙuri. Na ga abin da giram 50 na kuskure ya yi wa wuyan tsohuwa, ba zan zuba abin da ban san sunansa ba da saninna. Na san da na yarda da tuni na sayi injin juyawa, maimakon muciyar da ke karya mini kafaɗa.

Yanzu haka akwai shuɗi guda 60 a kan katako, na rubuta ranar da na yanka su a takarda na liƙa a bango, saura kwana tara. Jiya Goggo ta zo, ta ɗauki ɗaya ta shinshina, ta juya shi ta ga dagin, ta ce ya yi kyau ƙwarai. Na ce ta tafi da shi idan ya isa. Ta ajiye shi a hankali inda ta ɗauka, ta gyara mayafi ta ce, "Bari dai maigidanki ya fara gwadawa."