Tunkuzar Inna da laifes ɗina

Ranar da na dawo hutu ƙauyenmu, can bayan Kafin Hausa, na tarar Inna ta gama matsar man gyaɗa, ga tunkuza nan a roba za ta yi ƙuli. Na tsuguna na ce Inna ki cire min curi biyu zan koma da su makaranta. Ta kalle ni sama da ƙasa ta ce "kai ɗan nan, yunwar har ta kai haka?" Na ce ba ni zan ci ba, fumfuna zan ba wa. Dariya har da riƙe ciki.

Kuma wallahi gaskiya na faɗa mata. Furojet ɗina a kan laifes ne, wani enzayim, wato sinadarin da halittu ke yi a jikinsu, da ke farfasa maiƙo ya raba shi zuwa gilisarol da asid ɗin mai. Akwai shi a cikinmu, shi ke narkar da kitsen da muka ci, akwai shi a wasu omo ɗin wanki, shi ke cinye tabon miya a riga. Tun 1988 kamfanin Novo na ƙasar Danmak (wanda daga baya ya zama Novo Nordisk) ya fitar da laifes ɗin omo mai suna Lipolase, sun ɗauko ƙwayar gadon daga wata fumfuna suka dasa a cikin wata fumfunar mai suna Aspergillus oryzae don ta riƙa zubo shi da yawa.

Abin da ya fi ba ni wahala kafin in gane shi ne ƙwayoyin fumfunar nan ba don Allah suke yin laifes ba, sai sun ga mai a gabansu kuma babu abinci mai sauƙi. Ka cika musu gulukos, wato sukari, su ƙoshi su yi ƙiba su ƙi aiki, kamar yaron da ya cika ciki da fura aka ce ya tafi gona. To ni da na ji haka sai na yi zalama, na juye man zaitun gaba ɗaya a tukunyar lab ɗinmu, wadda ake ce wa bayoriyakta, wai in sun ga mai da yawa za su dage. Man ya taso ya kwanta a sama, iska ta kasa ratsawa, na ƙara gudun fankar da ke juya ruwan sai kumfa ta taso har ta jiƙa matatar iska, ga zaren fumfunar duk fanka ta tsittsinka shi, cikin dare kuma aka ɗauke wuta janareta ba mai. Kwana huɗu a banza. Malamina bai ma yi faɗa ba, cewa kawai ya yi "kai haka ake ba ka tuwon sati a zama ɗaya?"

Dabarar ashe ɗigo-ɗigo ce. A fara da ɗan sukari su yi yawa, in ya ƙare a riƙa sakin man kaɗan-kaɗan da famfo, ana lura da iska da tsami, zafi wajen digiri 30.

Amma mu ina muka ga wutar da za ta riƙe inji kwana da kwanaki? Shi ya sa na koma ta busasshiyar hanya: tunkuza da dusar alkama, a yayyafa ruwa su yi danshi, a turara a digiri 121 minti 15, a zuba fumfunar Aspergillus niger a rufe. Ragowar man da ke cikin tunkuzar shi ke tsokano ta. Matsalar wannan ɗin zafi ne, yana taruwa a tsakiya ya kashe aikin.

Da na yi wa Inna wannan bayanin ba ta ko ɗago ba, ta ce ai daddawa ce. Ta ja ni ɗakin da ta rufe kalwarta kwana biyu, ta cusa hannuna ƙarƙashin buhun, ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi, ga warin nan ya bugi hanci. Ta ce in ka tara ta da kauri ciki ya ƙone baki bai nuna ba, baza ta za ka yi kada ta wuce tsawon yatsa.

Curi biyun dai ta ba ni, amma ta ce bashi ne, hutu mai zuwa in zo mata da omon mai cin miya ta gani da idonta.