Manhajar da aka kashe ba ta yin sallama

Ƙannena masu koyon rubuta manhaja, ku san irin siginar da Linux ke aiko muku, wato saƙon da yake aika wa manhaja, kamar na a ce ta tsaya. In an danna Ctrl+C, SIGINT ce ke zuwa. In an ba da umarnin kill haka kawai, SIGTERM ce mai lamba 15, kuma manhaja na iya tare ta, ta rufe fayilolinta, ta fita cikin mutunci. SIGKILL mai lamba 9 kuwa ba a tare ta. Da ta iso, ko layi ɗaya na abin da kuka rubuta ba zai ƙara aiki ba.

Na daɗe ina raina wannan bambanci. Na taɓa rubuta wata manhaja mai tara lissafin ciniki a ƙwaƙwalwar kwamfuta, sai za ta rufe take juye shi cikin fayil. Na gwada da Ctrl+C, komai lafiya lau, na miƙa aiki. Ranar da ƙwaƙwalwar sabar, wato kwamfutar da manhajar ke aiki a kai, ta cika, Linux ya zaɓi manhajata ya kashe da SIGKILL, cinikin ranar ya bi ruwa. Abin da na tarar kawai lambar fita 137, lambar da manhaja ke bari in ta tsaya, wato 128 a haɗa da 9 ta SIGKILL. Sai da na duba dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin Linux, na ga layin da ke cewa ƙwaƙwalwa ta ƙare.

Don haka ku riƙa ajiye bayani da zarar ya shigo. In fayil ne, ku rubuta a wani na wucin gadi, ku kira fsync don rubutun ya sauka a faifai, sannan ku yi rename, wato ku sauya masa suna ya maye gurbin tsohon. Ko an kashe manhajar ana tsaka da rubutu, tsohon na nan lafiya. In bayanan na da yawa, SQLite, manhajar rumbun adana bayanai, ta fi ku iya wannan aikin, kada girman kai ya hana ku.

Gano kisan kuma sai a tashi na gaba. Manhaja ta ajiye ɗan fayil na alama in ta fara, ta goge shi in ta fita lafiya. In ta tashi ta tarar da shi, ta fara binciken bayananta kafin komai.

Ita ma SIGTERM ba a jan jiki da ita. Docker da Kubernetes manhajoji ne masu tashi da kashe wasu manhajoji. Bayan SIGTERM, Docker daƙiƙa 10 yake jira kafin ya aiko SIGKILL, Kubernetes kuma 30, in ba a canza ba.

Kafin ku miƙa aiki, ku buga wa manhajar kill -9, mai aika SIGKILL, tana tsaka da rubutu, ku tashe ta, ku duba abin da ya rage. Ku kuma zare wayar wuta, tunda a garuruwanmu in ba ku zare ba, masu wuta za su zare muku.