Littafin da nake fara ba sabon ma'aikaci kan kwamfayila

Kamfaninmu ƙarami ne. Manhajar lissafin albashi muke rubuta wa makarantu masu zaman kansu, kuma kowace makaranta da tata ƙa'idar: wannan tana cire bashin malami wata-wata, waccan tana ƙara alawus idan mutum ya daɗe a aiki. Gyara wa kowa daban ya ishe mu, sai muka ƙirƙiri ɗan yare wanda akawun makaranta zai rubuta ƙa'idarsa da kansa. Ta nan aikin kwamfayila ya shigo mana, wato manhajar da ke karanta rubutun mutum ta mayar da shi umarnin da kwamfuta za ta bi.

Duk matashin da na ɗauka, da an ambaci wannan fanni sai ya ce Dragon Book, littafin nan mai hoton dodo a bango da Aho da Sethi da Ullman suka fitar a 1986, Monica Lam ta shigo cikinsu a bugun 2006. Ina girmama shi, Aho da Ullman ma sun karɓi lambar yabo ta Turing, babbar kyautar fannin kwamfuta, ta 2020. Amma shafi kusan 1,000 ne, kuma yana daɗewa cikin ka'idar lissafi da jadawalin nazarin jimla. Yaron da ke da aiki a gabansa zai yi ta karatu bai ga komai yana motsi a allo ba, gwiwarsa ta yi sanyi.

Crafting Interpreters na Robert Nystrom nake fara miƙawa. An buga shi a 2021, ana kuma karanta shi kyauta a intanet, abin da ba ƙaramin sauƙi ba ne ga mai sayen littafi da dala. Yare guda ake ginawa a ciki, Lox, sau biyu: da yaren kwamfuta na Java, sannan da na C. Tun da wuri za ka rubuta sashen da ke yanka rubutu gutsi-gutsi, da wanda ke jera gutsattsarin su zama tsari mai rassa kamar bishiya, kana gwadawa kana gani.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda ya damu da saƙon kuskure. Akawu ya manta rufe baka a ƙarshen lissafi, ranar biyan albashi, malamai na jira a ƙofar ofis. Idan manhaja ta ce masa "layi na 12, ba a rufe baka ba", ya gyara cikin minti ɗaya. Idan ta tsaya cak, wayata ce za ta yi ƙara.

Wanda ya gama shi, yana son sanin yadda ake sa manhaja sauri, sai in ba shi Engineering a Compiler na Cooper da Torczon. Dragon Book kuwa yana kan kanta, muna ɗauko shi idan nahawun yarenmu ya rikice, jimla ɗaya ta ba da ma'ana biyu.