Talata: an yi garkuwa da hotunan Kawu

Ko shayi ban sha ba yau Kawu ya kira ni, wajen bakwai da rabi, daga jin muryarsa na san ba lafiya. Wai kwamfutar shagon hotonsa ta ƙi buɗe komai, ga hotunan biki biyu da ya yi alkawarin kai album ranar Alhamis. Na ce Kawu ku zare mata intanet kawai, kar ku jona mata filas ko memori, gani nan. Na tari keke daga Kawo sai Tudun Wada.

Ina zama gabanta gabana ya faɗi. Duk fayil an liƙa masa wasu haruffa huɗu a ƙarshen suna bayan jpg, kuma kowace folda ka shiga sai ka tarar da wata takarda mai suna _readme.txt, a ciki suna cewa a biya dala 980, in an neme su cikin awa 72 za su rage zuwa 490. Na san wannan takardar. Wani bairos ne mai kulle fayil a nemi kuɗin fansa, dangin STOP ne, wanda ake kuma kira Djvu, shi ba manyan kamfanoni yake bi ba, irin mu masu ƙananan shaguna yake kamawa. Na yi wa Kawu bayani cewa hotunan suna nan ba a goge ba, an hargitsa cikinsu ne da lissafi yadda ba mai karantawa sai mai makullin, kuma makullin yana hannun masu bairos ɗin. Ya yi shiru sannan ya ce, yanzu har hoto ake garkuwa da shi ana neman fansa? Ban samu abin ce masa ba, a garin nan ba a ambaton wannan kalmar da wasa.

Yaron shagon ya riga ya gwada goge haruffan daga sunan fayil ko za su buɗe, ba abin da ya canza, don ba a sunan matsalar take ba. Da na lallaɓa shi ya faɗa min gaskiya, daren Lahadi ya sauke Photoshop na kirak, wato wanda aka fasa don a yi amfani da shi ba biya, daga wani shafi, shafin ya ce sai ya kashe Windows Defender, mai gadin kwamfutar daga bairos, kafin ya sa, shi kuma ya kashe. Ta nan dai wannan dangin ya fi shigowa. Na hana Kawu yi masa faɗa saboda kusan duk shagon da na sani da manhajar kirak yake aiki, yaron abin da ya ga ana yi ne ya yi. Na kuma ga an rufe ofdet na Windows tuntuni wai yana cin data, abin da ya tuna min WannaCry, wani bairos irin wannan na watan Mayun 2017, da ya tsayar da aiki a asibitocin Ingila alhali Microsoft ta fitar da gyaran tun Maris, mutane ne ba su sa ba.

Abin da ya fi min ciwo shi ne babban diski na waje da Kawu ke ajiye kwafin aikinsa, ni na sa shi ya saya fa, amma ban taɓa gaya masa ya riƙa cirewa ba, kullum a jone yake dare da rana, don haka shi ma an kulle shi tas kamar cikin kwamfutar. Aikin shekaru.

Sai na duba lambar da suka rubuta a ƙasan takardar. In abin bai samu intanet ba lokacin da ya shiga, yakan yi amfani da makulli ɗaya da ya kulle mutane da yawa da shi, lambar sai ta ƙare da t1, irin wannan wani lokaci manhajar da kamfanin tsaron kwamfuta Emsisoft ya fitar kyauta a 2019 tana buɗewa. Ta Kawu ba t1 ba ce, makullinsa nasa ne shi kaɗai. Na leƙa No More Ransom, shafin manhajojin buɗe fayil kyauta da hukumar ƴan sandan Turai Europol da ƴan sandan Holan da kamfanonin tsaro suka buɗe a 2016, can ma babu. Kawu ya ce ko a yi karo-karo a biya? Na ce Kawu ku yi haƙuri, ba wanda zai tsaya mana in sun karɓa sun yi shiru. Na ƙara da cewa wannan abin yakan zo da ɓarawon fasuwod, nan take muka canza na imel da Facebook da na banki ta wayarsa.

Bayan azahar Allah ya kawo sauƙi ta inda ban zata ba. Biki ɗaya yana nan cikakke a memorin kyamara ba a taɓa ba. Ɗayan an yi masa fomat amma ba a ɗauki abu da yawa a kai ba, na sa shi a laftof ɗina na bi da PhotoRec, manhajar dawo da fayil ɗin da aka goge, kafin la'asar mafi yawa sun dawo, Kawu har da hamdala da ƙarfi maƙwabcinsa tela ya leƙo.

Tsofaffin dai suna kulle, ciki har da hotunan Hajiya na sallarta ta ƙarshe, su ne naga sun tsaya masa a rai. Na cire diskin na nannaɗe na ce a adana kar a goge, ko wata rana makullin zai fito. Kwamfutar kuma na share ta gaba ɗaya na sa sabon Windows.

Yanzu goma ta wuce, na tura saƙo guruf ɗin gida duk mai hoton Hajiya ya turo, Anti ta riga ta turo uku. Gobe da safe zan bi ta Ahmadu Bello Way in sayo diski, wanda zai riƙa kwana a gidan Kawu cikin durowa, duk Juma'a a kawo shi shago a kwafa a cire a mayar.